Gurbin da ke Tafiya Baya

Shekara talatin da ɗaya ina ƙona dalma
a rumfar nan ta bayan Ƙofar Wambai.
Na san taransisto da ƙafafunsa uku,
na san ƙaurin wanda ya mutu,
amma ban taɓa tambayar me ke cikinsa ba.

Ran Laraba Rumasa'u ta biyo daga makaranta,
littafi a hammata, jarrabawa jibi.
Na ce, karanta mini.
Ta karanta. Na ce, a'a,
da harshen da kika sha a nono.
Ta yi shiru har shayin Sallau ya huce.

Kalmar farko, in ji ta,
da ita Turawa ke kiran 'yan badujala,
da ita suke kiran maɗauri,
amma a nan ba kiɗa, ba igiya.
Baba, mu ce sahu.

'Ya'yan lantarki ba sa zama inda suka ga dama,
kowane ƙarfi da sahunsa.
Na ƙasa ya cika maƙil,
kamar Ƙofar Nassarawa an taso daga Juma'a,
kowa inji a kunne, ba mai gusawa.
Na bisa kuwa gadar sama ce,
fayau, sai iska.
Wanda ya hau ta shi ke kai saƙo.

Na ce, tsakaninsu fa?
Ta ce, rata. Haramtacciya ma suke ce mata,
ba don zunubi ba,
don dai mota ba ta tsayawa a iska.
Kada ka ɗauko igiyar awo, ba ta taku ba ce,
ta kuɗin mota ce:
ko ka cika su, ko ka zauna.

Jan ƙarfe ba ruwansa, gadarsa ta haɗe da titi.
Tangaran kuwa, kamar a ce
tsallake Goron Dutse da tsalle guda.
Silikon ɗan tsaka-tsaki,
ɗaya da ɗigo ɗaya ratarsa,
ɗan zafi, ɗan haske,
sai wani ya yi wuf ya haye.
In ana so ya ƙara kuzari
a barbaɗa masa baƙo, ɗaya cikin miliyan,
kamar kanwa a miyar kuɓewa.

Na ce, wanda ya haye, wurinsa fa?

Ta ce, wannan ai ka fi ni sani.
In alwalar wani ta karye a sahun gaba ya fita,
na baya ya cike, na bayansa ya cike,
mutane gaba, gurbi baya,
har ya kai bakin ƙofa wajen takalma.
Shi ma gurbin ana lissafa shi, Baba.
Yana da nauyi. Yana ɗaukar kaya.

Ban ce komai ba.
Na dubi kujerar robar da uwarta ke zama
in ta kawo mini tuwo, shekara shida ke nan.
Rumasa'u ta juya shafi da sauri.

Saura layi ɗaya, in ji ta, mai sunan wani Bature,
a tsakiyar rata yake, inda rabo ke rabi da rabi.
Ba kowa a kansa,
amma da shi ake gane inda kowa ya tsaya.
Shi kam ban samo masa Hausa ba.
Na ce, alamar da damina ke bari a bangon kududdufi?
Ta ce, kusan. Ba daidai ba.
Ta rubuta da fensir, ta sa ayar tambaya.

Da ta tare ɗan sahu ta tafi
na buɗe rediyon Alhaji Maikano,
wata uku tana jirana.
Na ɗiga dalma, na hura, na murɗa.
Can ciki, inda ido ba ya kai,
wani ya cika kuɗin mota ya haye,
gurbinsa ya kama hanya baya,
rediyo ta yi tari sau biyu
ta fara faɗin farashin masara a Dawanau.